Mutumin da Ya Faɗi Gaskiya Ranar Ƙarya

Mai karatu, in kana da kaka ko kawu da ya taɓa cin kwadagon auduga a Gezira ta Sudan, ka tambaye shi abu ɗaya: gonar ta wa ce? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, Hausawa da sauran mutanen yamma suka yi ta shiga hawasha, wato gonakin audugar, suna shuka, suna cire ciyawa, suna tsinkar auduga har bayansu ya sanƙare. Da yawansu sun san kowace kunya da kowace mashigar ruwa fiye da mai gonar, amma sunan da ke cikin littafin hukuma na wani ne daban. Riƙe wannan a ranka. Labarin da zan ba ka ya faru can Amurka, nesa da Mai Wurno da Wad Madani, kuma gonar da ake magana wasan kwamfuta ce. Amma ciwon iri ɗaya ne.

Sunan mutumin Ron Gilbert. A 1990 yana ɗan shekara 26, yana aiki a sashen wasanni na kamfanin George Lucas, mai finafinan Star Wars. Shi da abokan aikinsa biyu, Tim Schafer da Dave Grossman, suka fito da wani wasa mai suna The Secret of Monkey Island, wato sirrin Tsibirin Biri. Wasan ba na harbi ba ne, ba na tsere ba. Labari ne ake saka ka a ciki. Ka nuna abu da linzamin kwamfuta, ka latsa umarni: ɗauki, buɗe, duba, yi magana. Sai ka yi ta warware ƙulli bayan ƙulli har labarin ya ci gaba. Kamar dai a ce ana yi maka tatsuniya, amma Gizo ba zai ɗaga ƙafa ba sai ka gaya masa inda zai taka.

Jarumin kuwa wani dogon saurayi ne mara wayo, Guybrush Threepwood, wanda ya sauka a wani tsibiri ba shi da ko anini, yana shelar wai shi ɗan fashin teku yake so ya zama. Ya kamu da son gwamnar tsibirin, Elaine Marley, ga shi kuma wani mugun ɗan fashi da ya mutu ya dawo fatalwa, LeChuck, shi ma ita yake so. To da me yaron zai yaƙi fatalwa? Cikin kayan da yake cusawa a aljihu har da kazar roba mai ɗan wili a tsakiyar cikinta, irin wanda igiyar guga ke bi a bakin rijiya. Za ka yi dariya ka ce shirme ne. Sai can ka iske igiya a miƙe tsakanin tsibiri biyu, ka gane kazar nan ita ce motarka.

Abin da ya fi burge ni shi ne faɗan takobi. A wasan nan ƙarfin dantse ba ya ci. Abokin gaba zai jefo maka baƙar magana, kai kuma ka zaɓi amsar da ta fi ta zafi. In ka dace ka matsa gaba, in ka yi sanyin baki ka ja da baya. Duk wanda ya taɓa zama ya ga Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna tsiya, ko taubasai sun haɗu a gidan biki, ya san wannan fagen. Sai ka sha kaye sau da yawa, kana tattara zagi da amsarsa, kafin ka isa ka fuskanci gwanar takobin tsibirin. Ka taɓa jin inda ake koyon jarumta ta hanyar shan zagi?

Su ma masu wasan ba su tsira daga tsiyar Gilbert ba. A cikin dajin tsibirin akwai wani kututture. In ka leƙa shi, sai kwamfuta ta ce ka saka faifai mai lamba 22. Sannan 36. Sannan 114. Alhali faifan da ke cikin kwalin ba su kai goma ba. Ba'a ce kawai. Amma mutane suka yi ta buga waya kamfanin suna ƙorafin an sayar musu da wasa ba cikakke ba, har dole aka cire wannan ba'ar a bugun da ya biyo baya. Ka tuna da halin mutumin nan, za mu sake haɗuwa da shi.

A Disambar 1991 kashi na biyu ya fito, ya ƙare da wani abin ɗaure kai. Ana tsakiyar artabu tsakanin Guybrush da LeChuck, sai ga su sun koma yara biyu, wa da ƙane, a filin wasan yara mai lilo da shaguna, iyayensu na yi musu faɗa don sun ɓace. Suna tafiya sai yayan, wato LeChuck, ya waiwayo, idanunsa suka yi ja kamar garwashi. Shi ke nan, aka rufe. Mafarki ne? Sihiri ne? Kuma wai shin mene ne sirrin tsibirin da aka sa a sunan wasan tun farko, aka ƙi faɗa? Mutum ɗaya ne ya sani: Gilbert. Shi kuwa a 1992 ya tattara komatsansa ya bar kamfanin.

Ya tafi ya kafa Humongous Entertainment tare da Shelley Day, suna yin wasannin ƙananan yara. Tsibirin Biri kuwa bai bi shi ba, don ba nasa ba ne. Albashi aka biya shi, haƙƙin mallaka na kamfani ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wasu suka ci gaba da noman gonar: kashi na uku a 1997, na huɗu a 2000, na biyar a 2009. Ba laifi, na 1997 ma har yau ana yabonsa. Amma sirrin yana cikin kan Gilbert, kuma duk inda ya sa ƙafa tambayar ɗaya ce. Yaran da suka buga wasan a 1990 suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙo musu, ba su daina tambaya ba.

Ana nan sai a Oktoban 2012 kamfanin Disney ya saye Lucasfilm, wato kamfanin George Lucas, kacokan a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. Star Wars suke so. Tsibirin Biri ya shigo cikin cinikin ne kamar gyara a kan mudu. Bayan 'yan watanni suka rufe sashen da ke ƙera wasannin. Abin dariyar shi ne, tun asali wani wurin yawon 'yan fashin teku da ke Disneyland yana cikin abubuwan da suka sa wa Gilbert tunanin wasan. Yanzu ga shi abin ya koma hannun masu Disneyland ɗin, sun jefa a rumbu sun kulle. A 2016 ya fito fili ya roƙe su su sayar masa, ya ce kuɗi na gaske zai biya. Ko uffan.

To mai karatu, da kai ne me za ka yi? Shekara ashirin da huɗu rabonka da gonar, mai ita ba ya nomawa, ba ya sayarwa. Ka haƙura ka manta? Ko ka tona sirrin a fili kowa ya huta, tunda ba wanda zai hana ka buɗe baki? Gilbert bai yi ko ɗaya ba. Ya tara kuɗi daga hannun masoya, ya fito da wani wasa irin na da, Thimbleweed Park, a 2017, ya nuna hannunsa bai mutu ba. Sirrin kuma ya ci gaba da haɗiye shi.

A 2019, a wani taron baje kolin wasanni a birnin Seattle, wani jami'in kamfanin Devolver Digital mai suna Nigel Lowrie ya same shi da magana. Ya san wani babba a sashen wasanni na Disney, John Drake, kuma yana ganin za a iya ba da aron sunan. Aro fa, ba sayarwa ba. Ga shi kuwa a 2013 Gilbert ya taɓa rubuta cewa in zai sake yin wasan, sai ya zama mallakarsa. Yanzu an ce ga gonar, shiga ka noma yadda kake so, amma takarda tana wurinmu. Kai da za ka karɓa? Sai ya kira tsohon abokinsa Grossman, suka zauna suka tambayi juna ko akwai sauran abin faɗa. Da suka ga akwai, sai ya haɗiye maganarsa ta baya ya karɓa.

Shekara biyu suna aiki, mutum kusan 25, kowa a gidansa saboda annobar korona. Ba wanda ya ji ko ƙyas. A wannan zamani da magana ba ta kwana a ciki! Mu nan ko ranar ɗaurin aure aka sa a asirce, kafin la'asar ta kai bakin kasuwa.

Sai ranar 1 ga Afrilun 2022. Ka san ranar: wadda Turawa ke yi wa juna ƙarya don raha, Larabawa su ce kizbat Abril. Gilbert ya tsani al'adar. Shekara 18 yana da shafinsa na intanet, kowace shekara sai ya yi shelar cewa shi ba ruwansa da wannan wauta. A wannan karon sai ya rubuta 'yan layuka, ya ce don a ɗan sauya salo, yana sanar da cewa zai yi sabon Monkey Island. Mutane suka yi tsaki. Wasu suka yi dariya, wasu suka ji haushi, suka ce wannan ba'ar ta yi muni, ya za ka taɓa mana inda ke ciwo? Ranar 4 ga wata sai ga tallan wasan ya fito: Return to Monkey Island, da tambarin Lucasfilm a jiki. Da aka koma aka tona tsofaffin maganganunsa, sai aka iske tun 2013 ya faɗa cewa in har ya samu damar yin wani, ranar 1 ga Afrilu zai sanar. Shekara tara yana ɓoye da wannan tarko, ya jira duniya ta faɗa ciki.

Da a nan labarin ya tsaya, da an tashi da guɗa. Amma ɗan Adam sai Allah. Da aka ga zanen sabon wasan, wanda wani Bature ɗan Ingila, Rex Crowle, ya jagoranta, sai wasu suka tayar da jijiyar wuya. Su irin zanen 1990 suke so, mai 'yan ɗigo-ɗigo, ba wannan mai kama da littafin yara ba. Ƙin zane ba laifi ba ne, kowa da idonsa. Amma abin ya wuce suka ya koma cin mutunci. Mutanen da suka yi shekara talatin suna roƙon mutum ya dawo, ya dawo, su ne suka tare shi da jifa tun bai sauke kaya ba. A ƙarshen watan Yuni ya ce ya daina magana a kan wasan, an kashe masa daɗin nuna abin da yake yi. Ni a ganina ba zanen suke nema ba. Ƙuruciyarsu suke so a dawo musu da ita, wannan kuwa ko Disney ba ta da ita a rumbu.

Wasan ya fito ranar 19 ga Satumban 2022, masu sharhi suka yaba, aka saya. Dominic Armato, mai muryar Guybrush tun 1997, ya dawo. Makaɗan da suka yi kiɗan kashi na biyu su uku, Michael Land da Peter McConnell da Clint Bajakian, suka dawo. Yaran nan biyu na filin wasa kuwa, ashe ɗan Guybrush ne da abokinsa suke kwaikwayon labarin da uban ya saba ba su. Shi uban yana zaune a kan benci, ya manyanta, yana ba ɗansa labari.

In kana da niyyar buga wasan, mai karatu, tsaya nan. In ba ka da ita, zo mu buɗe akwatin. Bayan duk wahala, Guybrush ya bi ƙofa ta ƙarshe, sai ya tsinci kansa a filin wasa, duk 'yan fashin nan gumaka ne masu motsi da inji, an tashi aiki, an miƙa masa makullai a ce ya kashe fitilu in zai fita. Abin da Gilbert ya riƙe tun farkon fari ke nan: duk tsibirin wurin wasa ne. Akwatin sirrin kuma da aka buɗe, me ke ciki? Riga ce mai gajeren hannu, da rubutu a ƙirji cewa mai ita ya gano sirrin, abin da ya samu ke nan. Yaron ya ɓata rai ya ce wa ubansa wannan ai ba ƙarshen labari ba ne. Dubban manya a duniya suka taya shi ɓacin rai, sun manta cewa a wasan 1990 ma, taskar da aka sha wuya aka haƙo a daji, riga ce.

Da kai ne ka jira shekara 32 aka miƙa maka riga, dariya za ka yi ko zagi? Gilbert dai ya sauke nauyinsa yana ɗan shekara 58. Takardar gonar kuwa har yau sunan Disney ne a kanta.