Shin motar Tesla na tuƙa kanta? Abin da kotu ta ce da abin da ba ta ce ba

Maganganu biyu ake yaɗawa kan motocin Tesla, kowacce na ƙaryata 'yar'uwarta. Wasu na cewa motar na tuƙa kanta har direba ya kishingiɗa ya yi barci, wasu kuma na cewa kotu ta same ta da laifin kisa har an kwashe ta daga titunan Amurka. Babu wadda ta faɗi daidai.

Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta. A ma'aunin injiniyoyi na yadda mota ke tuƙa kanta, da ya tashi daga mataki na 0 zuwa na 5, tsarin Autopilot na Tesla a mataki na 2 yake: yana riƙe mota cikin layinta, ya daidaita gudu, ya taka birki, amma alhakin tuƙin na wuyan mai riƙe da sitiyari. Ko ɗaya tsarin mai suna Full Self-Driving, kamfanin da kansa ya ƙara masa kalmar da ke nuna dole mutum ya sa ido. Sai dai fa wanda ya laƙaba wa kayansa irin waɗannan sunaye ba zai yi mamaki ba in mai saye ya sake jiki.

A nan ne wata shari'a da aka yi a Miami ta samo tushe. Wani dare a watan Afrilun 2019, a Key Largo ta jihar Florida, wayar wani direban Tesla Model S da ya kunna Autopilot ta faɗi, ya sunkuya yana lalube, ƙafarsa a kan totur, motar na gudun kusan kilomita 100 a sa'a. Ya wuce alamar tsayawa a inda titin ya ƙare, ya afka wa wata mota da ke ajiye. Budurwa 'yar shekara 22 da ke tsaye kusa ta mutu, saurayinta ya ji mummunan rauni. A Agustan 2025 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ɗora wa Tesla kashi 33 cikin 100 na laifin, sauran kuwa direban. Kuɗin da aka ce kamfanin ya biya sun kai dala miliyan 243, kuma miliyan 200 daga ciki tarar ladabtarwa ce. Hujjar masu ƙara ita ce Tesla ya bar tsarin na aiki a titunan da ba don su aka ƙera shi ba, ya kuma zuzuta shi fiye da ƙima. Kamfanin ya ce zai ɗaukaka ƙara. Masu yaɗa labarin kan manta cewa a 2023 Tesla ya yi nasara a shari'u biyu irin wannan a Kalifoniya, wasu kuma ya sasanta kafin a zauna.

Batun kwashe motoci kuwa, abin da ya faru a Disambar 2023 shi ne hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta sa aka yi wa Autopilot na motoci fiye da miliyan 2 gyara, gyaran kuma na manhaja ne, ta intanet aka tura shi motocin na gidajen masu su. Amma damuwar hukumar ba ta wasa ba ce: a Afrilun 2024 ta ce ta gano aƙalla haɗurra 13 masu alaƙa da Autopilot da aka rasa rai, sannan ta fara binciken ko gyaran ya wadatar.

Masu ɗora laifin kan cewa motar mai lantarki ce ma sun kauce. Kyamara da manhaja ne ke aikin taimakon tuƙin, batir ba ruwansa, kuma tun 2017 General Motors ya sa irin wannan tsari, Super Cruise, a Cadillac mai shan fetur.

Iƙirarin Tesla cewa alƙalumansa sun nuna Autopilot ya fi ɗan'adam kiyaye haɗari shi ne mai wuyar tantancewa. An fi kunna tsarin a manyan hanyoyi, inda dama haɗari bai kai na cikin gari yawa ba, sai a kwatanta sakamakon da na kowane irin titi da kowace tsohuwar mota.