Idon Rariya: Sana'ar Masu Haɗa Ta a Katsina

Tsakanin injin niƙa da tukunyar tuwo dole a bi ta rariya. Ba ta da tsada, ba a jera ta inda baƙo zai gani, amma da wuya a kai amarya ɗakinta a Katsina babu ita. Masu haɗa ta na zaune kusa da maƙera da kafintoci, su kai kayansu Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu, 'yan koli kuma su sara su nufi kasuwanni irin su Charanchi da Jibiya.

Jarin sana'ar waya ne. A naɗe take zuwa, yawanci daga ƙasashen waje, mai sana'a ya yanki gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Sauran kayan na gida ne: guntayen katako ko langa-langa, ƙananan ƙusoshi, guduma, almakashi da filaya. Zai yanka wayar ta ɗan fi bakin katakon faɗi, ya kafe gefe ɗaya, ya ja ɗaya gefen da filaya har ta miƙe tsam, sannan ya bi sauran biyun. Daga ƙarshe ya rufe bakin da siririn katako don kada tsinin waya ya soki hannun mai tankaɗe. Gwani kan ƙwanƙwasa tsakiyarta da yatsa ya saurara. In ta saki, gari zai taru wuri ɗaya, kuma nan za ta fara hujewa.

Amma ainihin ilimin yana wajen zaɓen ido. Shi ya sa kafin ciniki yakan tambaya: "Hajiya, ta gari ce ko ta tsaki?" Da yawan huda a inci ɗaya ake gane waya. Mai lamba 20 tana da huda 400 a murabba'in inci, mai lamba 40 kuwa 1,600. Sabon shiga gani yake mai ƙananan ido ita ce mai kyau, alhali ba kullum ba. Ta fi saurin toshewa, musamman da damina in gari ya sha sanyi, ta bar mace tana bubbuga ta har kafaɗa ta gaji. Mai dambu tsaki take nema, don haka ido mai faɗi ya ishe ta. Mai tace ƙullun kamu kuwa tana son wadda ruwa zai wuce dusa ta tsaya, in ta so laushi sosai ta ƙara da ƙyallen tata.

   

Ribar kowace rariya kaɗan ce, sai an sayar da dozin-dozin ake ganin kuɗi, kuma ɗan sari kan karɓa bashi sai kasuwa ta ci. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, waya da kuɗin mota suka tashi, mai saye kuwa yana nan kan tsohon tayinsa. Ga rariyar roba mai araha, ga garin leda da ba ya buƙatar tankaɗe. Hannun mai wannan aiki ba ya rabuwa da yanka, wayar da ta kwana a danshi kuma tsatsa ta cinye ta kafin ta ga kasuwa. Abin da ke rufa wa da yawansu asiri shi ne gyara: a aiko yaro da tsohon katako mai ƙwari, a cire matacciyar waya a ɗaura sabuwa, a biya nan take, a samu na cefane.