Asid Salisilik a Cikin Kayan Shafawa: Amfaninsa da Iyakarsa

1. Gabatarwa

Wanda duk ya ɗauki kwalbar man ƙurajen fuska, ko sabulun wanke kai na maganin amosani, ya duba jerin abubuwan da aka haɗa su da su, sau da yawa zai ci karo da sunan asid salisilik. A jikin kwalba ana rubuta shi Salicylic Acid da Ingilishi, ko acide salicylique da Faransanci. Kalmar asid takan tsorata mutane, domin ruwan batir shi ne abin da ke fara zuwa musu a rai. Sai dai asid iri-iri ne, kuma har a cikin lemun tsami da tsamiya akwai shi. Wannan takarda za ta yi bayani a kan asalin wannan sinadari, da yadda yake aiki a fata, da ma'aunin da hukumomi suka ƙayyade masa, da kuma mutanen da ya kamata su yi hattara da shi.

2. Asalinsa

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin salix, wato wata bishiya mai fita a bakin ruwa a ƙasashen Turai, wadda ake kira wilo. Tun zamanin da ake jiƙa ɓawonta a sha domin zazzaɓi da ciwon jiki. A shekarar 1763 wani limamin coci na Ingila, Edward Stone, ya rubuta wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan bayanin yadda ya gwada garin ɓawon a kan masu zazzaɓi. A 1828 Johann Buchner na birnin Munik ya ware sinadarin da ke cikin ɓawon, ya kira shi salisin. Bayan shekara goma, a 1838, Raffaele Piria ɗan ƙasar Italiya ya samo asid salisilik daga salisin ɗin. Daga baya Hermann Kolbe na Jamus ya gano hanyar haɗa shi ba tare da bishiya ba, kuma a kan wannan hanya masana'antu suke tafiya har yanzu. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya sarrafa shi ya fitar da maganin da aka sa wa suna Aspirin a 1899. Ke nan asid salisilik da asfirin ƴan gida ɗaya ne, kuma wannan dangantaka tana da muhimmanci wajen fahimtar illolinsa.

3. Yadda yake aiki a fata

Saman fatar mutum matattun ƙwayoyin halitta ne da ke manne da juna, suna zubewa a hankali sababbi suna maye gurbinsu. Idan suka ƙi zubewa, sai su haɗu da maiƙon fata su toshe kafar gashi, daga nan ƙurji ya fito. Aikin asid salisilik shi ne sassauta abin da ke manne waɗannan ƙwayoyi, sai su saki su fita. Da yake yana narkewa a cikin mai, yana iya kutsawa cikin kafar da maiƙo ya cika ya share ta. Bugu da ƙari yana rage kumburi. Saboda haka ake sa shi a maganin ƙurajen fuska da na amosani. Idan aka ƙara masa ƙarfi kuma, yana cin fata mai kauri, kamar kanta da kaushi da tusar jaki.

Akwai shi kuma a cikin man Whitfield, wanda asibitoci da ɗakunan shan magani na ƙasashen Afirka suka daɗe suna bayarwa domin makero. Wannan mai yana ɗauke da kashi 3 cikin 100 na asid salisilik da kashi 6 na asid benzoyik.

4. Ma'aunin da aka ƙayyade

Lafiyar wannan sinadari ta dogara ne a kan yawan da aka zuba. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba a kan waɗannan ma'aunai: kashi 0.5 zuwa 2 cikin 100 a maganin ƙurajen fuska, kashi 1.8 zuwa 3 a maganin amosani, kashi 5 zuwa 17 a maganin tusar jaki na ruwa, da kashi 12 zuwa 40 a filastar da ake mannawa.

A Tarayyar Turai, dokar kayan kwalliya ta 2009, tare da gyare-gyaren da aka yi mata, ta tsaya a kan kashi 3 ga kayan wanke gashi da ake ɗaurayewa, da kashi 2 ga sauran kayan shafawa. Amma man shafe jiki, da jan baki, da kayan kwalliyar ido, da turaren hammata na gogawa, ba za su wuce kashi 0.5 ba. Dalilin rage na man jiki shi ne faɗin wurin da ake shafawa. Dokar ta kuma hana sa shi a kayan da aka yi domin yara ƴan ƙasa da shekara 3.

A 2018 Tarayyar ta sanya shi cikin rukunin sinadaran da ake zargin suna iya cutar da ɗan tayi, bisa gwajin da aka yi a kan dabbobin da aka ba shi da yawa. Wannan ya sa kwamitin masana na Tarayyar ya sake nazarinsa a 2018, ya kuma sake a 2023, ya yanke cewa ba shi da haɗari idan aka tsaya a kan ma'aunin da aka ambata.

5. Illolin da ake iya fuskanta

Illar da aka fi gani ƙarama ce: bushewar fata, da saɓa, da ɗan raɗaɗi, musamman a makonnin farko. Lokacin hunturu abin yakan ƙaru, domin iska ta riga ta busar da fata. Ga mai baƙar fata akwai ƙarin matsala, wato wurin da ya yi kumburi ko ya ƙone yakan bar tabo mai duhu da zai ɗauki watanni kafin ya gushe. Duk da haka, a 1999 likitar fata Pearl Grimes ta Amurka ta wallafa binciken da ta yi a kan mutum 25 masu duhun fata, inda aka shafa musu mai ƙarfin kashi 20 da 30, aka samu sakamako mai kyau ga mafi yawansu. Abin lura shi ne a hannun likita aka yi wannan aiki, kuma irin wannan ƙarfi bai dace a yi amfani da shi a gida ba.

Illa ta biyu ita ce jiki ya ƙi sinadarin. A 2014 hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu mutane ƙalilan sun samu kumburin fuska da leɓe, da shaƙewar maƙogwaro, bayan sun shafa maganin ƙurajen da ke ɗauke da asid salisilik ko benzoyil feroksaid. Ta ba da shawara a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri har kwana uku.

Illa ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce gubar salisilik. Fata tana tsotse wani kaso na abin da aka shafa ya shiga jini. Idan aka shafe wuri mai faɗi da mai ƙarfi, ko aka shafa a kan rauni, ko aka naɗe wurin da leda, abin da zai shiga jini yana iya wuce kima. Alamominta su ne ƙarar kunne, da jiri, da tashin zuciya, da saurin numfashi, da ruɗewa. Wannan na bukatar asibiti cikin gaggawa. Yara sun fi shiga haɗarin, domin faɗin fatarsu yana da yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsu.

6. Waɗanda ya kamata su yi hattara

Wanda asfirin ke tayar masa da asma ko borin jini, ya nemi shawarar likita kafin ya shafa. Yaro ko matashi mai ƙarambau ko mura mai zafi a nisanta shi da shi, saboda wata cuta ta hanta da ƙwaƙwalwa da ake kira ciwon Reye, wadda ake dangantawa da dangin asfirin. Mai ciwon sukari kada ya sa maganin kanta a ƙafarsa, domin yana iya cin fata ya zama gyambo bai ji ba. Mai ciwon ƙoda shi ma ya kula, tun da ƙoda ce ke fitar da sinadarin daga jiki. Game da masu juna biyu, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta lissafa na ƙurajen fuska cikin waɗanda za a iya shafawa, amma wannan bai haɗa da mai ƙarfi ko shafe jiki duka ba.

Akwai kuma masu bilicin, wato shafe-shafen sauya launin fata. Wasu magungunan fata, irin su Diprosalic, sun haɗa asid salisilik da sinadarin betametazon, wanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Da yake asid ɗin yana buɗe wa abokin haɗinsa hanya, mai shafa irin wannan wata da watanni domin ya yi haske yana jawo wa kansa sirancewar fata, da nankarwa, da ƙuraje.

7. Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa abubuwa huɗu ne ke raba amfanin asid salisilik da cutarwarsa: ƙarfin da aka zuba, da faɗin wurin da aka shafa, da lafiyar fatar, da kuma shekarun mai shafawa. Baligi mai lafiya da ya tsaya a kan kashi 2 a fuska, ya fara da sau ɗaya a rana, ba shi da abin fargaba sosai. Amma man da aka ɗura a roba ba suna ba ma'auni, kamar yadda ake sayarwa a wasu kasuwanni, babu hanyar sanin ƙarfinsa, saboda haka barinsa ya fi.