Idan Yaro Ya Ce a Saya Masa Tsuntsu

Akwai shekarun da yaro kan kai, wajen goma sha uku zuwa sha biyar, sai ka ga ransa ya fara biya masa mallakar abu mai rai, wanda zai ci daga hannunsa ya kuma san muryarsa. A Gwadangaji da sauran unguwannin Birnin Kebbi, galibi tsuntsu ne abin. Wani ya ga aku a waya yana amsa sallama, wani ya ji kukan kanari a ƙofar shagon tela, wani kuwa abokinsa ne ke da tattabaru. Amsar iyaye da yawa ɗaya ce: shiririta ce, tashi ka ɗauki littafinka. Ni dai ina goyon bayan a bar yaro ya yi kiwonsa. Inda nake da magana shi ne wane tsuntsu za a ba shi, kuma wa zai duba kaskon ruwa ranar da ba ya gida.

Yaron da ya tashi a kwarin Rima ya fi sanin tsuntsu a matsayin abokin gaba. Idan shinkafa ta fara nuna a fadama, daga nan har Argungu, jan baki kan sauko dubbai, yara kuwa su ake turawa tun asuba da gwangwani da majajjawa suna ihu har maƙogwaro ya bushe. A wasu shekarun sai gwamnati ta kawo jirgin sama ya yi feshi. Wanda bai je tsaron gona ba, da danƙo a aljihunsa yana harbin kurciya. Saboda haka duk yaron da ya zo da kansa ya ce yana son ya ciyar da tsuntsu, wani tausayi ne ya tsiro a zuciyarsa, kuma bai kamata mu take shi ba. Addini ma bai hana ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi labarinsa. A littattafan nan biyu kuma akwai labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk wanda zai sayi keji ya riƙe ruwayoyin nan biyu tare.

Ɗan ƙanwata ne ya same ni da maganar bara. "Kawu, don Allah ka sa baki Baba ya saya min aku." Na ce masa aku kam a'a, na kuma gaya masa dalili. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ba tsuntsun yankinmu ba ne. Gidansa dazuzzukan kurmi, can wajen Kuros Riba da Kamaru da Kwango. Mafi yawan waɗanda ake yawo da su a kasuwa daga daji aka kamo su, kuma da yawa kan mutu a hanya kafin ɗaya ya iso hannun mai saye. Kamun ya yi yawa har a 2016, a taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesbag, aka sa shi cikin jerin dabbobin da aka haramta cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe. Ban da wannan, aku kan yi shekara arba'in, har hamsin. Yaron da ya karɓe shi yana da sha huɗu zai gama sakandare, ya wuce jami'a a Aliero ko Sakkwato, ya yi aure, tsuntsun na nan yana jira. Kuma tsuntsu ne mai son jama'a. In aka bar shi shi kaɗai a keji yini guda, kullum haka, sai ya fara fige gashin jikinsa da bakinsa har ƙirji ya zama tsirara.

Kanari da tsirya da ake kamawa da tarko su ma ban ba da shawararsu ba. Tsuntsun da ya girma a sarari ba ya sabawa da waya cikin sauƙi. Ƙananan tsuntsayen ado masu launin kore da shuɗi da ake ƙyanƙyashewa a gida, waɗanda asalinsu daga Ostareliya ne, sun fi sauƙi, amma a yi la'akari da zafinmu. A watan Afrilu garin nan kan haura digiri 40. Kejin da aka rataye ƙarƙashin kwano aka manta da shi daga hantsi zuwa la'asar, gawa za a tarar.

Tattabara ce tsuntsun farko da ya dace da yaronmu, kuma kakanninmu sun riga mu gane haka. Ba ta buƙatar keji. Tsohon tulu ko tukunya da aka kifa a gefe aka ɗaure a saman katanga, ko akwatin katako mai ɗakuna, ya ishe ta, in dai yana inuwa kuma mage da gafiya ba za su iya hawa ba. Abincinta gero da dawa da karyayyar shinkafa, abin da ba a rasa shi a gidajen Kebbi, sai 'yar tsakuwa da take haɗiya don niƙa hatsi a cikinta. Da rana ta tashi ta yi kiwonta, da yamma ta dawo da kanta.

Abin da yaro zai gani da idonsa a nan ya fi ƙarfin littafin aji. Mace ta saka ƙwai biyu, ba ta ƙarawa. Sai su raba kwanci: namiji ya hau da hantsi, ita ta karɓa da yamma ta kwana. Bayan kwana 18 ko kusa da haka sai ga 'yan shila, ido a rufe, jiki duk ɗan gashi rawaya-rawaya, baki ya fi kai girma. A kwanakin farko ba hatsi suke ci ba. Uwa da uba duka suna fitar da wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu, ɗan shila ya cusa bakinsa cikin nasu ya sha. Na tsaya bayan ɗan ƙanwata ranar da ya fara ganin wannan, a kan turmi yake tsaye yana leƙen tulu, ya waiwayo yana raɗa don kada ya firgita su: "Kawu, ashe namijin ma yana ba su." Cikin mako huɗu sun yi gashi sun kusa tashi, uwar kuwa sau da yawa ta riga ta sake saka wasu ƙwan.

A saya masa biyu kawai, mace da namiji, kuma ƙanana. Babbar tattabara ta san gidanta na da, kana sakinta za ta koma can, kuɗinka ya bi iska. Ko ƙananan ma a tsare su na 'yan makonni su saba da wurin kafin a buɗe musu.

Sai maganar ciwo, wadda ita ce ke sa yara kuka. Ruwan sha shi ne kan gaba: a zubar da na jiya, a wanke kasko, a zuba sabo kowace safiya, domin akwai ciwon da ke sa rawayan abu ya toshe maƙogwaron tattabara, kuma ta ruwa yake yaɗuwa. Sabon tsuntsu daga kasuwa a ware shi na mako biyu kafin a haɗa shi da na gida. Lokacin hunturu a ƙara sa ido, lokacin ne annobar kaji ke share akurki, tattabara ma tana da irin nata, har ka ga wuyanta ya murɗe. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin rigakafin wannan annoba ta kaji, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi abin da ya dace da tattabara. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, doka ɗaya nake so kowane yaro ya haddace: tsuntsun da ya mutu haka kawai ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, ba a cinsa, a binne shi a gaya wa manya. Wajen shara kuma a yayyafa ruwa tukuna don ƙurar kashin, wanda ke da asma kuwa ya bar wa wani wannan aikin. Kashin da aka tara kada a zubar, masu lambu na sonsa.

Tsoron iyaye ma yana da tushe. Mun san samarin da tattabara ta ɗauke wa hankali, suna kan katanga daga safe suna fito, ana kiran salla ba su ji ba, suna jan na maƙwabta zuwa ɗakinsu har a kai ga faɗa. A Sunan Abu Dawud akwai ruwayar da ta yi kakkausan suka ga mutumin da aka gani yana bin tattabara, kuma malamai sun fassara ta da irin wannan shagala. Maganinta iyaka: a ba su abinci bayan asuba kafin a tafi makaranta, a sake dubawa bayan an taso Islamiyya. Ta maƙwabci in ta shigo, a mayar masa da ita ranar. Yaron da ke makarantar kwana kuwa ya haƙura sai ya gama, in ba haka ba kiwon zai koma kan mahaifiyarsa, wadda aikinta ya riga ya yi mata yawa. Kuma kada a ware 'yan mata. Da yawa daga iyayenmu mata da kazar da kaka ta ba su suka fara, suka sayar da 'ya'yanta suka sayi akuya.

Abu ɗaya da manya kan yi sakaci da shi shi ne ranar yanka. Mun saba cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma farfesun 'yan shila abinci ne da ake nema wa mai jego da mara lafiya. Amma yaron da ya ga tsuntsu tun yana ƙwai bai kamata ya dawo daga makaranta ya tarar da gashinsa a bola ba. Tun ranar da aka kawo su a zauna a yi magana: uwa da uban tattabarun nasa ne, ba mai taɓa su, 'ya'yan kuwa shi zai ce a sayar, ko a bari su yi yawa, ko a kai wa Gwaggo da ba ta jin daɗi. In gida na buƙata, mahaifi ya tambaye shi, ya biya shi farashin kasuwa, yaron kuma ya cire kuɗin geronsu daga ciki.