Ba Kowane Makashi Ne Mai Kisan Kai Ba

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai kalmomin Ingilishi guda uku da ke yawan kayar da mu ɗalibai a darasin fassara: killer, murderer da assassin. Mukan haɗa su duka mu ce "mai kisan kai", alhali kowacce da inda ta dosa.

Mu fara da killer. Wannan shi ne makashi, duk wanda ko abin da ya zama sanadin mutuwa, da niyya ko babu. Mu ƙaddara direba ya taso daga Tudun Wada, birki ya shanye masa a Kwanar Ɗangora, ya buge mai tafiya a ƙasa. Rai ya salwanta ta hannunsa, amma bai ƙudurta ba. Har zazzaɓin cizon sauro Bature kan kira shi killer, kuma ba wanda zai kai sauro kotu.

Murderer kuwa shi ne mai kisan kai da gangan, ba tare da hakki ba. Niyya ita ce ta raba shi da direban can. Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinmu. Ayoyi na 92 da 93 na Suratun Nisa'i sun raba kisan kuskure, mai diyya da kaffara, da kisan ganganci. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ma haka ta yi: sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa, na 224 kuma ɗauri ko tara.

Assassin shi ne wanda ya yi wa wani babba kwanton ɓauna, galibi saboda siyasa ko don an biya shi. Abin da ya sami Janar Murtala Muhammed ke nan a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, shi ya sa muke cewa kisan gilla aka yi masa. In kuwa hayar makashin aka yi, muna da sunansa: ɗan ina-da-kisa. Shi kuma executioner, mai zartar da hukuncin alƙali, kakanninmu hauni suke kiransa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Sifaniyanci kalma ɗaya, asesino, takan ɗauki murderer da assassin duka, sai mafassari ya nemo sicario in ɗan haya yake nufi, ko homicida in a bakin lauya ne. Assassin da asesino kuma asalinsu ɗaya, daga sunan da aka laƙaba wa mabiyan Hasan Sabbah, wanda ya kama ganuwar Alamut ta ƙasar Farisa a 1090.

A jarrabawa, kuskuren nan maki kaɗan zai ci mana. A waje lamarin ya fi haka. Da yawanmu mu ne ke karanta wa iyayenmu labarai daga waya a Kiru, Bebeji ko Doguwa. In an rubuta suspect, sai mu ce "wanda ake zargi", domin kotu ba ta yanke hukunci ba tukuna. In muka ce "mai kisan kai", mun ɓata sunan gida guda, wataƙila ma mun tunzura masu ɗaukar doka a hannu. Kafin mu fassara, mu tambayi kanmu abu uku: da niyya aka yi? Wa aka kashe, don me? Alƙali ya tabbatar?