Littafin bashin asibiti a ƙasar noman rani

Ƙanwata ce ke riƙe da littafin kuɗi a wani ƙaramin asibitin kuɗi tsakanin Kura da Bunkure. Wata Asabar na same ta ta baje rasitai a kan benci, biro a baki, wai mai asibitin ya ce ta faɗa masa kashi nawa cikin ɗari na kuɗin aikinsu ke shigowa. Ta ce da ni, "Yaya, amsar nan fa biyu ce, kuma ɗaya za ta sa a yi mini faɗa a banza."

A ce cikin wata guda an yi aikin naira miliyan 1 bisa farashin da ke manne a bango, aka karɓi dubu 600. Kashi 60 ke nan, wanda duk ya ji sai ya riƙe baki. Amma wasu marasa lafiyar inshora ke biya musu, ko ta tarayya, NHIA, wadda dokar 2022 ta maye gurbin NHIS da ita, ko ta jiha, KSCHMA. Su kuwa hukumomin nan farashin da aka yi yarjejeniya a kai suke biya, ba na bango ba. In ragin ya kai dubu 200, abin da asibitin ke da haƙƙin nema dubu 800 ne. Dubu 600 cikin 800 kuwa kashi 75 ne. Wannan na biyun shi ke nuna ko ana bin kuɗi da gaske. Na farkon, a ganina, ado ne: ka ƙara farashin bango yau, gobe kason ya faɗi, alhali ko kwabo ba a rasa ba.

Sai rabon majiyyaci. A tsarin tarayya, mai inshora yana biyan kashi 10 na kuɗin magani, wato naira 500 a maganin dubu 5. Ƙaramin kuɗi ne, shi ya sa yake zubewa. Dattijo ya laluba aljihu ya ce, "'Yata, rubuta, sai an sayar da tumatir," wa zai riƙe masa magani?

Galibin manoman nan ma ba su da inshorar, daga aljihu suke biyan komai, aljihun kuma yana bin gona. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin magudanai har cikin rani, sauro bai san hutu ba, yara masu wanka a kanal suna kwasar tsargiya. Ciwo kullum ne, kuɗi kuwa sai an casa shinkafa ko kwandunan tumatir sun yi daraja a kasuwar Kwanar Gafan. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, kamar 2016, bashin ma sai ya kwana.

Don haka ƙanwata ta daina auna kuɗin da ya shigo a wata da aikin watan. Kowane rasit tana jingina shi da watan da aka yi aikin, ta bi shi wata shida kafin ta yanke masa hukunci. Na leƙa shafin Agusta, rabinsa jan biro ne na bashin da ba a biya ba. Ta ce in bar shi, shinkafa ba ta nuna ba tukuna.