Tsohuwar Fitila Da Sabuwar Waya

Kwanan baya muka kai ziyara gidan wani malamin makaranta abokinmu, muka tarar da wata fitilar lantarki ta tagulla a bisa teburinsa, an goge ta sai ƙyalli take yi. Ya ce mahaifinsa, wanda ya yi akawun baitulmali, shi ya saye ta wajen 1960 a gwanjon kayan wani Bature da ke shirin komawa Ingila, tun daga ranar kuwa ba a sake mata kome ba sai ƙwai. Muka ɗaga wayarta muka ɗan lanƙwasa, sai ga robar tana marmashewa a hannu kamar ƙanzo, jan ƙarfe ya fito fili. Malam ya ce, "Ai kuwa tana ci lafiya lau." Muka ce gaskiya ne, amma kyan ɗan maciji ke nan.

Wayoyin wancan zamani da roba ake rufe su, sa'an nan a saƙa musu rigar zare a kai. Roba kuwa tsufa take yi, zafi ya busar da ita har ta tsattsage, zaren nan ya ɓoye aibin. Wuri biyu ɓarnar ta fi yawa, watau kusa da mazaunin ƙwai inda zafi yake, da bakin hujin da waya ke shiga gindin fitila inda take gogar ƙarfe. Ran da tsiraicin waya ya taɓa jikin fitila, to, tagullar nan duka ta ɗauki wuta mai ƙarfin bolt 230, alhali ƙwai yana ci kamar kullum, babu wata alama. Sai yaro ya fito daga alwala da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya tsaya a kan siminti, ya miƙa hannu zai kunna don karatun dare.

Maganin abin ba tsada, sake waya ne tun daga mazaunin ƙwai har fulogi. Kafin kome a zare fulogi daga bango. Kashe makunni bai isa ba, kada kuma wani ya ce ai an ɗauke wuta, gama mai maido ta ba ya sallama. A sayi sabuwar waya mai ƙwari uku in jikin fitilar na ƙarfe ne, tsawonta ya kai soket ba tare da ƙari ba, don gaɓar da aka naɗe da salatif nan gobara kan soma. A ɗaura bakin sabuwar a wutsiyar tsohuwar, yadda in an jawo tsohuwar ta cikin bututun fitila sabuwar za ta biyo ta. A bakin huji a sa ɗan zoben roba. In mazaunin ƙwan ya tsage ko ya yi baƙi don ƙuna, a sake shi gaba ɗaya.

To, ga wurin da muke roƙon mai karatu ya natsu. A tsohuwar waya ja ce mai kawo wuta, baƙa ce mai mayar da ita, kore kuma ita ce wayar ƙasa, wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa in ta ɓalle. Wajen 1970 Ingila ta sake launukan. A sabuwar waya, mai launin ruwan ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ke mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. Lura da tarkon da harshenmu ya haƙa mana a nan: Bahaushe ya ga waya ruwan ƙasa, an ce masa akwai wayar ƙasa, me zai hana shi cewa ita ce? In ya ɗaure ta a jikin fitila, ya kai wa tagullar wuta da hannunsa ke nan. Mai ratsi ita ce ta ƙasa, a ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen, ruwan ƙasa kuwa ita za ta bi ta makunni, don in an kashe fitila wutar ta tsaya tun daga can. In ƙwan na murɗawa ne, ruwan ƙasa ta tafi ɗigon da ke tsakiyar mazaunin, shuɗiya ta tafi gefen da ake murɗawa.

Fulogin nan mai ƙafa uku da muke aiki da shi a Nijeriya daga Ingila muka gaje shi, can aka fito da shi a 1947, a cikinsa kuma akwai ɗan fis. In ka buɗe shi, doguwar ƙafa tana sama, ruwan ƙasa dama take zuwa wajen fis, shuɗiya hagu, mai ratsi sama. A bar mai ratsin ta ɗan fi sauran sakewa, domin in wani ya yi tuntuɓe da waya ita ce za ta tsinke a ƙarshe. A matse rigar wayar da maƙallin da ke bakin fulogi, kada ko silin jan ƙarfe ɗaya ya leƙo.

Fis mai amfiya 3 shi ya dace da fitila, gama ƙwai mai wat 60 abin da yake ja bai wuce kwatan amfiya da kaɗan ba, ƙwayayen LED na yanzu ma ba su kai ko kusa da haka ba. Sau da yawa ana sayar da fulogi da fis mai amfiya 13, a cire a musanya. Masu cusa guntuwar waya a gurbin fis kuwa, Allah ya shirye su. Amma kada a ɗora wa fis abin da ba aikinsa ba. Waya yake tsarewa kada ta ƙone, shi kuwa mutum wutar da ba ta kai ushirin amfiya guda ba tana iya tsai da zuciyarsa, fis yana zaune bai ko ji ba. Wayar ƙasa ce ke haɗa su aiki: wuta na taɓa jikin fitila sai ta kwarara ta cikinta da ƙarfi, fis ya ƙone tun hannu bai kai ba.

Saura abu guda wanda sukudireba ba ta iya gane shi. Wayar ƙasa ba ta amfana kome sai in soket ɗin bango shi ma an haɗa masa tasa, akwai kuwa gidajen da aka ja wa wuta aka tsallake wannan don rage kuɗi. Sai a kira mai gyaran wuta ya auna da na'urarsa, ya auna fitilar kuma kafin a kunna. Haka muka sa malam ya yi. Fitilar ta fita lafiya, amma aka tarar ramin sama na soket ɗin da ke bayan teburinsa ba a haɗa shi da kome ba, sai da mai gyaran ya wuni yana jan sabuwar waya daga akwatin fis.